Finafinan Koriya a wajen masu jin Sifaniyanci: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda na ce wa wani mutanen Meziko da Peru sun fi shekara 20 suna kallon finafinan Koriya masu dogon zango sai ka ga yana mamaki, wani ma ya ce ai shi ya ɗauka Netflix ce ta kai musu kwanan nan. Tambayoyin da ake min kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su waje guda na amsa iya abun da na sani.

Wai su waye ma masu jin Sifaniyancin nan, ba mutanen Sifaniya ba ne kawai?

A'a fa. Sifaniya ita ce tushen yaren amma yawan masu shi yana Latin Amurka. Waɗanda suka tashi da shi a baki sun kusa miliyan 500, Meziko kaɗai mutanenta sun haura miliyan 125, ga Kolombiya, Ajantina, Peru, Benezuwela, Chile, Kyuba da sauransu, sannan a cikin Amurka kanta akwai sama da mutum miliyan 40 da shi suke yi a gida. To in fim ya samu fassara ɗaya mai kyau kasuwar ƙasashe wajen 20 ce ta buɗe masa lokaci guda. Burazil ba ta ciki, su Fotigisanci suke yi, duk da su ma sun kamu sosai.

Yaushe abun ya fara?

A 2002, shekarar da Koriya ta Kudu da Japan suka karɓi baƙuncin kofin duniya. Lokacin ne ƙananan tashoshin gwamnati, TV Perú a Peru da Televisión Mexiquense a jihar Meziko, suka fara saka finafinan Koriya da aka ɗora wa muryar Sifaniyanci. Biyu ne aka fi tunawa da su, Todo sobre Eva wanda labarin wasu 'yan mata biyu ne masu gasar zama mai karanta labarai a gidan talabijin, Jang Dong-gun ne jarumin, da kuma Un deseo en las estrellas na Ahn Jae-wook, labarin wata marainiya. Ku lura ba manyan tashoshi ba ne, manyan suna can suna ji da nasu finafinan, waɗannan tashoshi ne marasa kuɗi da suke neman abun cike gurbi, ofishin jakadancin Koriya kuma ya taimaka musu suka samu ba tare da wani kashe kuɗi ba.

Abun da ya biyo baya ne ba wanda ya zata. A 2005 da shugaban Koriya na lokacin Roh Moo-hyun ya kai ziyara Meziko, wasu masoya finafinan suka taru a ƙofar otal ɗin da ya sauka ɗauke da kwalaye, ba zanga-zangar siyasa ba ce fa, roƙonsa suke ya turo musu Jang Dong-gun da Ahn Jae-wook su gan su ido da ido. Shekara uku kacal da fara nunawa kenan, babu YouTube ɗin kirki, babu Netflix a yankin sai 2011.

Daga baya a Peru tashar Panamericana ta ɗauka, ta saka Escalera al cielo, wato matakalar zuwa sama, kuma wannan fim ɗin har yau in ka ambace shi a gaban matan da suka manyanta a Lima za ka ji labari. Sai Sonata de invierno, sai Una joya en el palacio na yarinyar nan Jang-geum da ta fara daga kicin ɗin fada ta ƙare a matsayin likitar sarki, sai Boys Over Flowers na 2009 wanda shi ya jawo 'yan makaranta ya kuma sa sunan Lee Min-ho ya shiga kowane gida.

Mutanen da su ne sarakan telenobela, me za su tsinta a fim ɗin Koriya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a ganina amsarta ce ke bayyana komai. Telenobela, wato nasu finafinan talabijin masu dogon zango, ita ce ta share wa na Koriya hanya. Mutumin da ya tashi tun yana yaro kowane dare kakarsa da mamansa na zaune gaban talabijin suna kallon talakar yarinya da ɗan mai kuɗi, muguwar uwar miji, ɗan da aka musanya a asibiti, ba sai an koya masa yadda ake kallon irin wannan labari ba, ya riga ya san inda ake kuka da inda ake tsaki. Ku duba Escalera al cielo ɗin nan: matar uba azzaluma, 'yarta mai hassada, hatsarin mota, mantuwa ta shekaru, ciwon ido mai kisa, da wani bawan Allah da ya sadaukar da idonsa saboda wadda yake so. Wallahi in ka cire sunayen ka ba ɗan Meziko wannan labari cewa zai yi Televisa, babban kamfanin talabijin na ƙasarsu, ce ta yi shi.

To in kayan miyar ɗaya ne me ya bambanta? Abu na farko tsayi. Telenobela ta saba kai kashi 120 zuwa sama, kullum Litinin zuwa Juma'a wata da watanni, in ta karɓu a ƙara ja, labarin ya yi ta zagaye waje ɗaya har ka gaji. Na Koriya da aka fi fitarwa waje kashi 16 ne ko 20, kowanne kaman awa ɗaya, an san inda aka dosa, a gama a tashi. Escalera al cielo duk da wannan tarin masifu kashi 20 ne.

Na biyu kuma, wanda su da kansu suka fi faɗa, kunya. A telenobela ta zamani ba a daɗe ba an shiga ɗaki, tun daga shekarun 2000 kuma ga finafinan dillalan ƙwaya sun cika tashoshi, bindiga, jini, mata rabin tsirara. Sai ga wani fim da za a yi kashi bakwai ko takwas saurayi bai wuce riƙe hannu ba, soyayyar duk a kallo take da ɗaure mata igiyar takalmi da riƙe mata lema da kawo mata abinci in ba ta da lafiya. Uwa za ta zauna da 'yarta su kalla ba tare da ta riƙe rimot a hannu tana jiran inda za ta canza tasha ba. Ƙasashe ne da yawancinsu Katolika ne, iyali na da ƙarfi, kaka na da faɗa a ji, saboda haka ganin saurayi ya rusuna wa iyayen yarinya ko ya juya kai gefe in zai sha abu a gaban babba bai zo musu a baƙon abu ba, wasu ma cewa suke ya tuna musu tarbiyyar da.

Na uku kyan aiki, hoto tsaf, waƙoƙi masu shiga rai, dusar ƙanƙara da ganyen kaka wanda wanda ya tashi a Lima ko Habana bai saba gani ba.

Me ya sa suke ce musu dorama?

Kalmar daga Japan ta zo, haka Japanawa suke furta kalmar dirama. Tun kafin na Koriya su iso, matasan Latin Amurka sun riga sun yi nisa a katun ɗin Japan da finafinansu, to da na Koriya suka zo sai aka zuba su a kwando ɗaya. Mace mai kallo ana ce mata doramera, namiji doramero. Akwai masu gyara wa mutane cewa dorama na Japan ne, na Koriya a ce kdrama, kuma suna da hujja in aka tuna Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945 kuma ciwon bai gama warkewa ba. Amma a baki dai dorama ce ta zauna.

Da muryar Sifaniyanci suke kallo ko da rubutu a ƙasan allo?

Duka biyun, kuma akwai rigima a kai. A talabijin sai an ɗora murya, kuma muryar iri biyu ce, akwai ta Latin Amurka wadda ake yi da wani Sifaniyanci na tsaka-tsaki da ba na kowace ƙasa ba don ɗan Chile da ɗan Gwatemala duk su gane, Meziko ce babbar cibiyar wannan aiki, akwai kuma ta Sifaniya mai nata lafazi da nata kalmomi. Ɗan Latin Amurka in ya ji ta Sifaniya sai ya ce ta ɓata masa fim, na Madrid ma haka yake ji da tasu.

Masoya na gaske kuwa yawanci muryar asali suke so da rubutu, kuma a nan ne nake son a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Tsakanin lokacin da tashoshi suke saka fim ɗaya yau su yi shekara ba su saka wani ba, da lokacin da Netflix ta shigo da ƙarfi, su wa suka riƙe abun? 'Yan mata ne da matan aure da ɗalibai, a ɗakunansu, ba ko sisi. Fim zai fita a Seoul da daddare, a Meziko lokacin gari bai gama wayewa ba don tazarar awa 15 ce, wasu su fassara zuwa Turanci, su kuma waɗannan su ɗauka su mayar Sifaniyanci, wata ta fassara wata ta daidaita lokaci wata ta duba kuskure, kafin kwana ɗaya ko biyu an sake shi. Shafin kallon finafinai na Viki da aka kafa a 2007 kan irin wannan aikin sa kai ya ginu, har kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi a 2013. Akwai DramaFever shi ma mai fassarar Sifaniyanci, da aka rufe shi kwatsam a Oktoban 2018 mutane sun ji zafi ba kaɗan ba. Ni dai duk sanda na ji ana cewa kamfani kaza ne ya kai finafinan Koriya Latin Amurka raina yana sosuwa, don kamfanonin sun zo ne sun tarar an riga an yi shuka an yi noma.

Matsalar fassarar kuma ta gaske ce. Yawanci fassarar fassara ce, ta bi ta Turanci, Turanci kuwa ba ya bambanta yadda ake wa babba magana da yadda ake wa sa'a, alhali a yaren Koriya nan ne rabin labarin yake, ranar da saurayi ya sauke maganar girmamawa ya koma ta sabo da yarinya babban abu ne ya faru. Sifaniyanci yana da usted na girmamawa da tú na sabo, kaman yadda muke ce wa babba ku, to mai fassara da ya san aikinsa zai iya kamo wannan, wanda ya bi Turanci ido rufe kuma sai ya zubar. Sai kalma irin oppa, wadda mace ke kiran yayanta namiji ko saurayin da ya girme ta da ita, kusan yadda ake cewa yaya a wajenmu. Ba su da kalma ɗaya da ta yi daidai, a ɗora murya sau da yawa sunan mutumin kawai ake sawa, masu aikin sa kai kuwa suka bar ta yadda take, shi ya sa yau yarinya a Bogota za ta ce mi oppa kuma kowa ya gane.

An ce har Kyuba? Ba ƙawar Koriya ta Arewa ba ce?

Ita ce, kuma ba ta da hulɗar jakadanci da Koriya ta Kudu sai a Fabrairun 2024. Amma tun 2013 tashar Canal Habana ta saka La reina de las esposas, wato sarauniyar matan aure, mutane suka rungume shi, har jarumin fim ɗin Yoon Sang-hyun ya je Habana a shekarar aka yi masa tarba ta mamaki. Yadda sauran suke isa gidaje shi ne abun sha'awa. Intanet a waya sai Disambar 2018 ya zo Kyuba, kafin nan akwai abun da suke kira el paquete semanal, ƙunshin mako, tarin finafinai da waƙoƙi wajen terabait ɗaya da ake zagawa da shi a hadis, ka je da filashinka a zuba maka abun da kake so ka biya 'yan kuɗi kaɗan. Duk wanda ya taɓa miƙa wayarsa a shagon masu turi a Kano ko Maraɗi ya san wannan harka. A cikin ƙunshin nan dorama na da nata fayil. A 2018 kuma Koriyawa suka je suka ɗauki farkon fim ɗin Encounter na Song Hye-kyo da Park Bo-gum a titunan Habana.

Ita Sifaniya kanta fa?

Ta makara in aka kwatanta da Peru ko Meziko. Manyan tashoshinta ba su damu da na Koriya ba, da suka buɗe ƙofa ga finafinan waje ma na Turkiyya suka ɗauka, irin su Fatmagül a 2018 da Mujer a 2020. A can ta intanet abun ya shiga, musamman bayan Netflix ta iso a 2015, sai zaman kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin, lokacin ne mutane da yawa suka fara da Crash Landing on You, labarin attajirar Kudu da iska ta jefa Arewa. Wani abu da ya ja hankalinsu shi ne ganin garuruwansu a ciki, Memories of the Alhambra na 2018 a Granada aka kafa labarinsa, garin da fadar Alhambra ta sarakunan Musulmin Andalus take.

Na Turkiyyan nan ma a Latin Amurka su ne babban kishiyar na Koriya, tun da tashar Mega ta Chile ta saka Las mil y una noches a 2014. A talabijin na gida da daddare na Turkiyya sun fi samun wuri don dogaye ne, sun dace da tsarin kullum-kullum, a waya da kwamfuta kuma na Koriya ke gaba a wajen matasa.

Mata ne kawai suke kallo?

Su ne ginshiƙi, ba musu. Shekaru da yawa maza na yi musu dariya suna cewa finafinan chinos, don a can duk mai ƙananan idanu chino ake ce masa ko daga ina yake. Squid Game, wanda suke kira El juego del calamar, shi ya canza lissafi da ya fito ranar 17 ga Satumban 2021, kashi tara, mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suna wasan yara a bakin ransu. A kwana 28 na farko an kalle shi awa biliyan 1.65 a duniya. Wanda yake zaune a ƙasar da bashi da tsadar rayuwa da tazarar mai kuɗi da talaka suka zama abincin yau da gobe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan fim. Sai dai shi ba irin wanda uwa za ta kalla da 'yarta ba ne, kuma tsofaffin masu kallo da yawa suna ƙorafin cewa tun da kuɗin waje ya shigo, Netflix ta sanar a 2023 za ta zuba dala biliyan 2.5 a Koriya cikin shekara huɗu, jini da tsiraici sun ƙaru, kunyar da ta jawo su tun farko tana raguwa. Ina tare da su a wannan ƙorafi.

Akwai wata tsohuwar alaƙa tsakaninsu da Koriya ne?

Akwai, ko da yake ba ita ta kawo son finafinan ba. A 1905 Koriyawa dubu ɗaya da 'yan kai suka sauka Meziko aka kai su gonakin henequen a Yucatán, wani tsiro mai ƙaya da ake igiya da shi, aikin wahala ne kusan bauta, a 1921 wasu kusan 300 daga cikinsu suka ƙetara Kyuba, jikokinsu suna nan har yau. Kolombiya ce kaɗai ƙasar Latin Amurka da ta tura soja yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Daga 1965 wasu Koriyawa suka yi ƙaura zuwa Ajantina da Faragwai. Sai na kwanan nan mai daɗi, a kofin duniya na 2018 Koriya ta ci Jamus 2 da nema, hakan ya ceci Meziko ta wuce zagaye na gaba, jama'a suka cika ƙofar ofishin jakadancin Koriya a birnin Meziko suna waƙar ɗan Koriya ɗan uwa yanzu kai ɗan Meziko ne.

Suna ɗaukar labaran juna?

Sosai. A 2017 Televisa ta yi Mi marido tiene familia, wato mijina yana da dangi, daga wani fim ɗin tashar KBS ta Koriya na 2012. Mace ce ta auri likitan da wasu suka riƙa tun yana yaro, tana murna ba ta da uwar miji ba ta da dangin miji, kwatsam sai ya gano iyayensa na asali, kuma ashe maƙwabtansu ne. An mayar da labarin garin Oaxaca na Meziko ya zauna daram kaman can aka haife shi, har aka yi masa zango na biyu. A ɗaya ɓangaren Koriyawa sun sake yin La casa de papel na Sifaniya a 2022, amma gaskiya bai kama ƙafar na asali ba.

Ba dai gwamnatin Koriya ce ta tallata abunta ba kawai?

Ta tallata, ba ta ɓoye ba. Bayan karayar tattalin arzikin 1997 gwamnatin Kim Dae-jung ta ɗauki harkar al'adu a matsayin sana'ar da za a fitar waje. Ta buɗe cibiyoyin al'adu a Buenos Aires a 2006, Madrid a 2011, birnin Meziko a 2012, kaman wadda take Abuja tun 2010, ana koyar da yare da girki ana nuna finafinai. Kuma inda fim ya shiga wayar Samsung da motar Hyundai da man shafawa da taliyar ramyeon suna biye. Amma gwamnati tana iya kai fim tasha, ba ta iya sa mace ta hana idonta barci tana fassara kashi na 14 kyauta. Ƙasashe nawa ne suka raba finafinansu kyauta ba wanda ya waiwaya?

Babu wani abun damuwa a ciki?

Akwai, kuma masu kallon da suka san ciwon kansu suna faɗa. Na farko ɗaukar fim a matsayin gaskiya, yarinya ta ƙudurta duk namijin Koriya haka yake da ladabi da tausayi, alhali matan Koriya da kansu suna kokawa da wariyar albashi da kyamarorin ɓoye da matsin aure, ƙasar kuma tana cikin mafi ƙarancin haihuwa a duniya. Akwai 'yan damfara da suke buɗe shafi da hoton jarumi ko na wani ɗan Koriya suna karɓe wa mata kuɗi. Na biyu farar fata, a ƙasashen da dama can telenobela ta daɗe tana ba farare manyan matsayi tana ba masu duhun fata da 'yan asalin ƙasa aikin 'yar aiki, sai ga wani allon kuma da kowa fari sol siriri, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a kan yarinya 'yar shekara 14 a garin Cusco na Peru. Na uku wasu tsofaffin finafinan suna nuna fizgar hannu da tsawa da bibiya a matsayin so, Boys Over Flowers cike yake da wannan, kuma waɗanda suka kalle shi suna yara yanzu da suka girma suna sake dubawa suna cewa a'a, wannan ba daidai ba ne.

Ya yi kama da yadda muke da finafinan Indiya?

Ta wani gefen e. Mu ma mun ɗauki na Indiya ne don mun ga kunya da auren dole da biyayyar iyaye da muka sani, ba don mun san Bombay ba, kuma Jumong da ya zagaya gidajenmu ya nuna mu ma ƙofarmu a buɗe take ga na Koriya. Inda muka bambanta, su suna da gagarumar masana'anta tun shekarun 1950 wadda take sayar wa duniya, har mu nan an sha kallon nasu a tashoshinmu, saboda haka su na Koriya ya zo musu ne a matsayin abokin gasa a sana'ar da suke ganin tasu ce, shi ya sa manyan tashoshinsu suka daɗe suna jan ƙafa, suka bar wa ƙananan tashoshi da matan da ke fassara a ɗaki.